Wa ya ƙirƙiro wutar ba da hannu, kuma me ya sa take tsayar da kowa a lokaci guda?

Wani ɗan'uwa mai tuƙin taksi a nan Yamai ya aiko da tambaya mai rassa uku. Wa ya fara ƙirƙiro wutar ba da hannu, kuma da gaske ne baƙar fata ne kamar yadda ake yaɗawa a Facebook? Me ya sa aka zaɓi ja da ruwan ɗorawa da tsanwa? Sai kuma ƙorafi: ya ce sau da yawa tasa wutar tana ja, ta ɗaya hannun ma tana ja, tsakiyar mararraba wayam babu mai wucewa, fasinja kuwa sai ƙunƙuni yake a baya. Wannan ba lalacewar na'ura ba ce?

Malam direba, sannu da aiki. Ƙirga motoci a mararraba da saita lokutan waɗannan fitilu shi ne sana'ata, don haka ka gyara zama, amsar tana da ɗan tsawo. Ta ƙarshen zan fara taɓawa. Ba lalacewa ba ce, da gangan ake sa ta haka. Sakan 2 ko 3 ɗin nan da kowa yake tsaye su ne abin da ya fi komai daraja a cikin na'urar, kuma sai da aka shafe fiye da shekara 50 daga wutar farko kafin masu ƙira su kai ga fahimtar cewa tsakanin "tsaya" da "tafi" dole a bar wani ɗan lokaci wanda ba na kowa ba ne.

Wutar farko ta riga mota zuwa duniya. A watan Disamba na 1868 aka kafa ta a birnin Landan, kusa da majalisar dokokin Ingila, wajen shekara 17 kafin Karl Benz ya yi rajistar motarsa a Jamus. Abin da ake son rabawa a lokacin kekunan doki ne da masu tafiya a ƙasa, musamman ƴan majalisa da ke shan wahalar tsallaka titi. Wanda ya ƙera ta, John Peake Knight, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, sai ya ɗauko abin da ya saba da shi a layin dogo ya dasa a titi: turke mai tsawon da ya haura mita 6, da hannuwa da ake ɗagawa ana saukewa. In hannuwan sun miƙe sosai, a tsaya. In sun ɗan sunkuya, a wuce a hankali. Da dare kuma akwai fitilar gas a ƙololuwa, ja da tsanwa. Ɗan sanda ne ke tsaye a gindinta yana juya ta da hannu. Ba ta yi wata guda cur ba, a farkon Janairun 1869 gas ya yi yoyo, fitilar ta fashe ta ƙona ɗan sandan. Daga baya aka cire ta, Landan kuma ba ta sake komawa ga wutar hanya ba sai bayan fiye da rabin ƙarni.

Launukan ma daga layin dogo suka zo. Ja ya daɗe yana nufin haɗari tun kafin jirgin ƙasa, kuma a cikin hasken da ido ke gani shi ne wanda ƙura da hazo ba sa saurin watsawa, abin da ka sani da kanka in buji ya turnuƙe a watan Janairu. Amma a farkon zamanin jirgin ƙasa, farin haske ne yake nufin hanya a buɗe take, tsanwa kuma tana nufin a yi hattara. Sai aka ga illar hakan: in jan gilashin fitila ya fashe ko ya faɗi, abin da direban jirgi zai hango farin haske ne, ya ɗauka an ba shi hanya alhali tsayar da shi aka yi. Ko fitilar gidan da ke gefen layi tana iya ruɗar shi. Shi ya sa aka yar da fari, aka mai da tsanwa ta zama ta wucewa, aka kawo ruwan ɗorawa ya zama na gargaɗi. Ƙa'idar da ta fito daga nan har gobe da ita muke aiki: in na'ura za ta lalace, kada lalacewarta ta yi kama da izinin wucewa. A cikin akwatin da ke gindin wuta ta zamani akwai wani sashe da ba shi da aiki sai gadi. Da zarar ya ga hannuwa biyu masu karo da juna za su samu tsanwa tare, sai ya katse tsarin gaba ɗaya ya mai da fitilun ruwan ɗorawa mai ƙyaftawa.

Mota ce ta dawo da maganar, a Amurka. Bayan Ford ya fito da motarsa mai araha a 1908, titunan biranensu suka cika da motoci da dawaki da taragon lantarki da mutane, kowa na kutsawa. A 1912 wani ɗan sanda a Salt Lake City, Lester Wire, ya haɗa akwati mai ƙwan lantarki ja da tsanwa ya ɗora a kan turke. A ranar 5 ga Agustan 1914 aka kunna wata a Cleveland, a mahaɗar titin Euclid da titi na 105, bisa ƙirar James Hoge, kuma ita ake yawan kira wutar hanya mai lantarki ta farko da aka kafa a hukumance. Ita ma launi biyu ne, sai ƙararrawa da ke kaɗawa in za a canja, ɗan sanda kuma yana cikin rumfa a gefe yana danna makunni.

Launi biyu yana da aibi babba. Mai tahowa da gudu yana ganin tsanwa, kafin ƙiftawar ido ta koma ja, a daidai lokacin kuma an saki na ɗaya hannun. Mota ba ta tsayawa nan take. Ƙararrawa ba ta wadatar ba, don ƙarar inji tana danne ta. Wani ɗan sanda ne kuma a Detroit, William Potts, a 1920 ya aro ruwan ɗorawa daga layin dogo ya sa shi a tsakiya, ya yi fitila mai fuska huɗu da launi uku. Siffar da kake gani yau a titin Mali Béro tasa ce. Ka lura, mutum biyu daga cikin waɗanda suka fi tasiri a wannan tarihi ƴan sandan hanya ne, mutanen da suka tsaya a rana suka ga yadda ake karo da idonsu.

To ina baƙar fatan da kake tambaya? Yana nan, kuma sunansa Garrett Morgan. An haife shi a jihar Kentucky a 1877, iyayensa sun taɓa zama bayi, ya yi sana'arsa a Cleveland. Kafin wutar hanya ya riga ya yi suna da wata hular kare hayaƙi da ya ƙera, wadda shi da kansa ya sa ya shiga ramin da ake haƙawa a ƙarƙashin tafkin Erie a 1916 ya fito da mutanen da fashewar gas ta rutsa da su. A ranar 20 ga Nuwamban 1923 aka ba shi takardar mallakar fasahar wata alamar hanya, turke mai hannuwa da ake juyawa da hannu. Masu cewa shi ne ya fara ƙirƙiro wutar sun zarce, domin ta Landan da ta Cleveland da ta Detroit duk sun riga tasa. Amma masu raina aikinsa su ma ba su duba abin da ya yi ba. Alamar Morgan tana da matsayi uku: tsaya, tafi, da na uku wanda yake tsayar da dukkan hannuwa lokaci guda, domin wanda ya riga ya shiga tsakiya ya fita, mai tafiya a ƙasa ya ƙarasa tsallakawa. Wato abin nan da ya sa fasinjanka yake ƙunƙuni, shi ne tunanin da Morgan ya sa a cikin tasa ƙirar. Ni a ganina wannan ya ishe shi daraja, ba sai an ƙara masa abin da bai yi ba.

Bari in nuna maka lissafin, domin a nan ne ran mutum yake. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowane sakan. Daga lokacin da idonka ya ga ruwan ɗorawa zuwa lokacin da ƙafarka ta taka birki, sakan guda ya wuce, mita 14 ke nan ba ka rage komai ba. In ka taka birki irin na hankali, wanda fasinja ba zai bugi kujerar gaba ba kuma na bayanka ba zai hau ka ba, kana bukatar wasu mita 32. Jimla mita 46. Ruwan ɗorawa a cikin gari sakan 3 ne a tsarin da muka gada daga Faransa, kuma a sakan 3 ɗin motarka za ta ci mita 42. Ka ga lambobin sun kusa haɗuwa: in kana nesa da layi ka tsaya lafiya, in kana dab da shi ka wuce kafin ja. An auna su ne su dace da juna.

Yanzu a ce kana gudun 70 a wurin da aka saita don 50. Tsayawa za ta ci maka mita 82, amma a sakan 3 mita 58 kawai za ka yi. Tsakanin mita 58 da 82 daga layi akwai wani fili da in ruwan ɗorawa ya same ka a ciki, ba ka iya tsayawa cikin natsuwa, ba ka kuma iya kai wa layi kafin ja. Masu bincike uku a kamfanin General Motors, Gazis da Herman da Maradudin, su suka fayyace wannan tarko a 1960. Direban da ya ce "wutar ce ta kama ni" sau da yawa gaskiya ya faɗa, sai dai gudunsa ne ya faɗaɗa tarkon daga mita 4 zuwa mita 24. In aka ƙara da taya da ta suɗe, da yashin da iska ke zubawa a bakin kwalta, da birkin da aka daɗe ba a duba ba, filin ya fi haka.

Bayan ruwan ɗorawa sai ja ga kowa. Wanda ya taka layi a sakan na ƙarshe yana da sauran tafiya. In faɗin mararraba mita 25 ne, ka haɗa da tsawon motar kanta, mita 30 ke nan, kusan sakan 2 a gudun 50. Wannan sakan 2 nasa ne, na fita. Abin da yake tayar min da hankali a Yamai shi ne ana cin wannan lokaci ta baki biyu. Na ƙarshen layin da ake rufewa yana ƙara gudu a kan ruwan ɗorawa, har wani ya bi shi a kan ja. Na gaban layin da za a buɗe, musamman ƴan kabu-kabu da suka taru a gaban motoci har sun wuce farin layi, ba tasu wutar suke kallo ba, ta maƙwabta suke leƙe, tana yin ja sun tashi. Sai su haɗu a tsakiya, gaban mota a haƙarƙarin babur. Karon gefe ya fi kowane muni a cikin gari, don mota ma ƙofa ce kawai tsakanin mutum da ƙarfe, mai babur kuwa ba shi da ko ƙofar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce a gaba, alhali mu ne muka fi kowa ƙarancin motoci.

Akwai kuma waɗanda lissafin Turai bai san da su ba. Amalanken jaki da ya ɗauko itace ko bulo daga wajen Katako yana tafiyar da ba ta fi ta mutum a ƙasa ba, mita 30 ɗin nan za ta ci masa wajen sakan 20. Mai tura kura da jarkokin ruwa haka. Tsohuwa mai tsallaka titi mai faɗin mita 20, a ma'aunin mita guda a sakan da ake yi wa mai tafiya a ƙasa, sakan 20 take bukata. Babu injiniyan da zai iya ba da ja ga kowa na sakan 20, gari zai tsaya cik. Abin da ya rage shi ne idonka: tsanwa izini ce ta shiga in hanya ta share, ba ta share maka ita ba.

Turai ta bi sahun Amurka da sauri. Paris ta kafa tata ta farko a 1923 a mahaɗar titin Sébastopol da Saint-Denis, ja kaɗai da ƙararrawa. Berlin ta gina hasumiyar ba da hannu a dandalin Potsdamer a 1924. Landan ta sa mai launi uku a Piccadilly a 1926, shekarar da Turawan mulkin mallaka suka ɗauke babban birninmu daga Damagaram suka kawo Yamai. Kowace ƙasa da irin tata, har sai da aka yi ta zaman daidaitawa, a Geneva a 1931 da 1949, sannan yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan alamomin hanya. Daga nan aka tsayar da cewa ja yana sama, ruwan ɗorawa a tsakiya, tsanwa a ƙasa, in kuma a kwance fitilar take, a ƙasashen da ke tuƙi a dama irin tamu ja yana hagu. Wannan jeri yana da amfani na musamman ga mazan da idonsu ba ya rarrabe ja da tsanwa sosai, kuma suna da yawa fiye da yadda ake zato, wasu ba su ma san suna da matsalar ba. Su wurin da hasken ya kama suke karantawa. Shi ya sa in mai gyara ya juya kan fitila ko ya sa gilashi a gurbin da ba nasa ba, ba ƙaramin laifi ya yi ba. Bambanci ɗaya ya rage da za ka gani in ka yi tafiya: a Ingila da Jamus ja da ruwan ɗorawa suna kamawa tare kafin tsanwa don direba ya shirya, a Faransa kuwa daga ja kai tsaye ake tsallakawa zuwa tsanwa.

Mataki na gaba shi ne cire hannun mutum. A Ingila, garin Wolverhampton ya gwada mai canja kanta da agogo a 1927. A 1928 Charles Adler ya kafa wata a Baltimore mai jin sauti: mai fitowa daga ƙaramar hanya ya danna hon, sai ta ba shi tsanwa. Daga baya aka koma binne waya a cikin kwalta, wadda take jin ƙarfen mota in ta tsaya a kanta. Tambayar da ta rage ita ce minti nawa, sakan nawa, ga wa. Aikin yana kama da rabon ruwa a gonakin shinkafa na Saga: magudana ɗaya ce, in an buɗe wa wannan fage dole a toshe wa wancan, kuma duk juyawar da aka yi akwai ruwan da ke salwanta a hanya. Layi guda na motoci yana fitar da mota ɗaya a kusan kowane sakan 2, wato wajen 1,800 a awa da a ce tsanwa ba ta yankewa. Kowane canji yana cin sakan 4 zuwa 5 tsakanin ja ga kowa da nawar tashi. In zagayen ya yi gajere, asarar canji ta yi yawa. In ya yi tsawo, jira ya gunduri mutane su fara karya doka. Wani Bature a cibiyar binciken hanyoyi ta Ingila, F. V. Webster, ya fitar da lissafin daidaita wannan a 1958, kuma har yau ana koyar da shi. Yawanci zagaye yana faɗawa tsakanin sakan 60 da 120.

Ga misali. A ce zagaye sakan 90 ne, an cire 10 na canji, saura 80. In babbar hanya tana kawo ninki biyu na motocin ƙarama, sai a ba ta 53, ƙarama 27. A nan za ka ga tsadar sakaci kaɗan. In na gaba yana duba waya ya makara da sakan 4, mota biyu sun rasa wucewa. Zagaye 40 ake yi a awa, in haka ta faru a kowanne, mota 80 ke nan suka ƙaru a layi, ba tare da an ƙara ko mota ɗaya a gari ba. Haka ɗan taksi ko mai faba-faba da ya tsaya ɗaukar fasinja dab da bayan wuta: ya toshe bakin magudanar a lokacin da aka buɗe ta. Wannan kam, Malam, da kai da abokan aikinka nake, in da hali a wuce mita 30 ko 40 kafin a tsaya.

Da fitilu suka yi yawa sai aka fara ɗaure su da juna. In tsakanin wuta biyu mita 500 ne, mai gudun 50 zai kai ta biyu bayan sakan 36, sai a jinkirta tsanwarta da sakan 36 daidai. Wanda ya bi gudun doka ya yi ta samun tsanwa a jere, wanda ya yi tsere ya je ya tarar da ja. Toronto a Kanada ita ce ta fara damƙa fitilun gari ga kwamfuta a 1963. A shekarun 1970 aka ƙera tsare-tsaren da ke ƙirga motoci suna gyara lokutan da kansu, SCOOT a Ingila, SCATS a Sydney ta Ostareliya. Yau ana ƙara kyamara da na'urar hangen motsi. Duk da haka, launi uku na Potts da tsayar da kowa na Morgan ba su canja ba.

Ka kan ga ɗan sanda ya shiga tsakiya yana ba da hannu alhali wutar na aiki. A doka hannunsa ya fi wuta, wuta ta fi allon alama, allo ya fi ƙa'idar ba na dama hanya. Ka bi shi ko da tsanwa ce a gabanka. Kuma yana da abin da agogo ba shi da shi: yana ganin an taso daga Juma'a, yana ganin jerin masu rakiyar gawa, yana ganin babbar motar da ta mutu a tsakiya. Inda yake da rauni shi ne mararrabarsa kaɗai yake gani. In ya riƙe hannu ɗaya minti 3 ko 4 don ya share shi, layin ɗaya hannun ya miƙe har ya toshe mararrabar da ke baya, wadda shi ba ya hangowa. Ba laifinsa ba ne, ba a ba shi idon ganin gari duka ba. Mafi yawan lokutan da ake kiran ɗan sanda ya karɓi aiki daga wuta, dalilin shi ne lokutan da ke cikin akwatin sun tsufa, an saita su a kan ƙirgar wasu shekaru da suka wuce.

Canjin da ya fi amfanar ƙasa irin tamu kuwa ba kwamfuta ba ce, ƙwan fitilar ne. Tsohon ƙwai mai zare yana cin lantarki da yawa, yana mutuwa da wuri, kuma da yake akwai madubi a bayansa, in rana ta yi ƙasa da la'asar ta haske shi sai ka ga kamar launi ukun duk a kunne suke. Ƙwan LED, wato ƙwan zamani marar zare, ja ɗinsa ya samu tun 1962, amma tsanwa mai ƙarfin da za a gani da tsakar rana sai da ta jira aikin wasu Japanawa uku, Akasaki da Amano da Nakamura, waɗanda suka samar da shuɗin LED a farkon shekarun 1990, aka ba su kyautar Nobel a 2014. LED yana cin abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na tsohon ƙwai ba, yana kuma shekaru bai mutu ba. Wannan ne ya sa farantin sola da batir suke iya riƙe mararraba guda, ko an ɗauke lantarki a unguwa.

Sai dai rana da ke ba mu wutar ita ce kuma ke kashe kayan. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yana haura digiri 40 a inuwa, cikin akwatin ƙarfe da ke tsaye a rana kuwa ya fi haka nesa. Batir irin na dalma an ƙera shi ne don digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin kwanansa. Ƙurar hunturu tana rufe farantin sola, in ba a goge ba cajin ya ragu, sai ka ga wuta tana aiki da rana, da dare ta mutu. Da damina ruwa yana shiga ramukan waya. Wayar da ake binnewa a kwalta ba ta jure haƙe-haƙen bututu, kuma ba ta jin ƙaramin babur sosai, alhali babura suna da yawa a cikin abin da ke gabanta. In ka ga wuta a mace, da wuya a ce babbar na'urar ce ta ƙone. Batir ne, ko fis, ko waya da aka yanke, ko turke da mota ta buge ba a tayar ba.

Garin kuma ya canja a ƙarƙashin fitilun. Yamai da ke da wajen mutum dubu 30 a lokacin samun ƴancin kai a 1960, ƙidayar 2012 ta same ta da fiye da miliyan guda. Daga 1970 gadar Kennedy kaɗai ke haɗa mu da Harobanda a ƙetaren kogi, sai a 2011 aka buɗe ta biyu, a 2021 ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché. An yi gadojin sama a Mali Béro a 2013, a shataletalen Martyrs a 2016, da na Diori Hamani a 2018. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya sauya inda motoci ke bi, kuma duk wutar da ke kusa da su tana bukatar a sake ƙirga ta. Gadar sama tana warware wuri guda, ta kwashe motocin da sauri ta zuba su a mararraba ta gaba.

Ba kowace mararraba ce ma take son wuta ba. Shataletale ba ya bukatar lantarki, yana tilasta rage gudu, kuma wuraren da hanyoyin motoci ke iya karo suna sauka daga 32 a mararraba mai hannu huɗu zuwa 8. Sharaɗinsa shi ne mai shiga ya jira na ciki, ƙa'idar da Ingila ta kafa a 1966, Faransa ta bi a 1984. Inda ake barin mai shiga ya kutsa, da'irar tana cika ta kulle kanta. Yana kuma gazawa in hannu ɗaya ya rinjayi sauran ƙwarai, kamar safiya a bakin gada, a nan wuta ta fi. Da za a tambaye ni inda za a sa kuɗi, kafin a sayi kyamara ko ɗakin kwamfuta zan ce a ɗauki matasa su ƙirga abin hawa a manyan mararrabu safe da rana da yamma, kowace shekara, a ware babur da amalanke da babbar mota. A ajiye batir da kayan gyara a sito. A sa mai goge faranti. A sabunta farin layin tsayawa, a ja wa babura nasu fili a gaban motoci tunda can ɗin za su taru ko an so ko ba a so.

Agogon nan mai ƙirga sakan da ake liƙawa a wasu fitilu, ina da ja a kansa. Yana kwantar da hankalin mai jira, kuma ga mai tafiya a ƙasa alheri ne, don ya san ko zai kai. Amma a kan tsanwa, direba ya ga saura 3 sai ya ƙara gudu maimakon ya sassauta, a kan ja kuma ana tashi tun saura 2. Da ni ne, zan bar shi ga masu ƙafa kaɗai.

In ka tarar da ruwan ɗorawa yana ƙyaftawa shi kaɗai, ko da dare aka sa shi haka ko na'urar ce ta kare kanta, ma'anarsa wutar ta janye daga rabon, sai ka duba allon da ke jikin turken ka bi shi. In babu allo, na damanka ne da hanya. Haka ma in ta mutu ɗungurungum, sai dai a nan ka ƙara sassautawa, domin mai yiwuwa taka fuskar ce kaɗai ta mutu, na ɗaya hannun yana kallon tsanwa sosai yana tahowa da gudunsa.